Gonakin da Ake Kira Fada: Tafiya Cikin Karkarar Bordo

Akwai wata siririyar hanya da ta tashi daga arewacin birnin Bordo, a kudu maso yammacin Faransa, ta bi gefen kogin Gironde ta nufi teku. A taswira lambarta D2, amma mutanen wurin hanyar shato suke ce mata. Da zarar an bar gidajen bayan gari sai gonakin inabi su tare ka dama da hagu, layi bayan layi, kowane itace bai wuce ƙugun mutum ba, an ɗaure rassansa a jikin waya. Ƙasar fara ce saboda yawan tsakuwa, irin wadda manomin hatsi zai kalla ya girgiza kai ya wuce. Ba ka yin nisa sai ka ga allo a bakin hanya: Château kaza, kwana dama; Château kaza, kwana hagu. A ƙarshen watan Satumba muka bi ta, ana tsakiyar tsinkar inabi, taraktoci na ta jan kwanduna suna tare mana hanya.

Abokin tafiyata wani ɗan'uwa ne Badamagare da ke karatu a Bordo, shi ya aro mota, shi ne kuma tafintana. Ni da shi duk ba mashaya ba ne, kuma hukuncin giya a addininmu ba abin ja-in-ja ba ne. Abin da ya fitar da ni daga gari shi ne kalmar nan da ke jikin allunan. Shi a wurinsa shato dogon tankin ruwa ne da ke tsaye a tsakiyar unguwa, irin wanda ya ba wasu unguwannin Yamai sunansu. Ni kuma fina-finai sun sa mini hoton katafaren gini na dutse mai hasumiya da ƙofar ƙarfe. A nan ga shi ana kiran gona da wannan suna, wata gonar da fada a tsakiyarta, wata kuwa in ka leƙa ba ka ganin komai sai gidan ƙauye da rumfar ajiye tarakta. Yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki waɗannan kaya duka?

Asalinta na yaƙi ne. Romawa suna kiran sansanin soja castrum, ƙaramin sansani mai katanga kuma castellum. Da Latinanci ya rikiɗe a bakin mutanen ƙasar da ta zama Faransa, sai castellum ta koma chastel, daga nan chasteau, har harafin s ya daina fita a baki. Da aka zo gyara rubutu sai aka cire shi, aka ɗora wa wasalin da ke gabansa 'yar hula, aka samu château. Duk inda ka ga hular nan a Faransanci, galibi akwai s da ya faɗi a wurin. Haka ta faru da hôpital, alhali s ɗin yana nan da ransa a namu asibiti, saboda mu ta bakin Ingilishi muka karɓa. Ingilishin ma daga wannan tushe ya samu kalmarsa ta castle. Masana harshe da dama sun tafi a kan cewa ƙasr ta Larabci, wato fada, ita ma daga castrum ta fito, kuma ita ce ta haifi ksar da ake kiran garuruwa masu ganuwa da ita a Sahara, da alcázar ta Andalus. A kwarin Beƙa'a na Labanan akwai wata tsohuwar gonar inabi da aka kafa a 1857 mai suna Château Ksara. Ana cewa Ksara daga ksar take. In haka ne, kalma ɗaya ce ta bi hanya biyu, ɗaya ta Paris ɗaya ta ƙasar Larabawa, suka sake haɗuwa a allo ɗaya.

Shaton abokina ma ba bare ba ne a gidan. Romawa kan jawo ruwa daga nesa ta dogayen magudanai, in ya iso gari ya zuba a wani gini da ke rarraba shi unguwa-unguwa, kuma wannan gini castellum suke ce masa. Akwai ɗaya har yanzu a birnin Nîmes, da ramukan da bututun suke fita. Daga nan Faransawa suka samu château d'eau, shaton ruwa, suka zo da shi Nijar zamanin mulkin mallaka, mutane suka yar da wutsiyar suka riƙe kan. Da na gaya masa haka sai ya ce ashe tankin unguwarsu ya girmi gonakin nan a sarauta. Ta fuskar kalma dai gaskiyarsa.

Da bindigar igwa ta zo, katanga ta daina kare kowa. Masu sarauta suka fara gina gidaje masu manyan tagogi da lambuna, amma ba su sauya musu suna ba. Shato ya zama gidan mai mulki a karkara, har ta kai Faransawa in suna nufin na yaƙi sai sun ƙara masa kalmar fort, wato mai ƙarfi. Fadar Versailles ba ta taɓa tare maƙiyi ba, amma shato ce.

Yankin da muke ratsawa, Médoc, bai ma daɗe da zama gona ba. Har zuwa ƙarni na 17 yawancinsa dausayi ne da sauro, makiyaya na yawo da tumaki. Injiniyoyi 'yan Holan ne suka haƙa magudanai suka tsane ruwan, sai tuddan tsakuwa suka fito, aka gano inabi na son su: ruwa ba ya kwanciya, tsakuwar kuma tana riƙe zafin rana ta sake shi da dare. Waɗanda suka yi rige-rigen sayen tuddan alƙalai ne da manyan majalisar shari'a ta Bordo, mutanen da suka samu girma ta hanyar alƙalami da kuɗi. Ɗaya daga cikinsu, Nicolas-Alexandre de Ségur, ya taɓa haɗa Lafite da Latour da Mouton a hannunsa a ƙarni na 18, har ana masa kirari da yariman kuringar inabi. Sunayen gonakin kansu ba su da wani alfahari. Ana cewa Lafite da Mouton da Cos duk tsoffin kalmomin yankin ne da ke nufin tudu ko tsibin ƙasa.

Amma wanda ya fara gane cewa sunan gona haja ne, a kudancin birnin yake, ba a Médoc ba. Iyalin Pontac sun gina gidansu na Haut-Brion a 1549. Kafin su, giyar Bordo giyar Bordo ce kawai: a zuba a ganga, a ɗora a jirgi, a kai Ingila, babu mai tambayar gonar wa ta fito. Cinikin tsoho ne, tun auren da Aliénor ta Aquitaine ta yi a 1152 da wanda daga baya ya zama sarkin Ingila, auren da ya bar yankin a hannun Ingila har 1453. Su Pontac suka ce tasu da sunanta za a sayar da ita, kuma da tsada. A 1663 wani ma'aikacin gwamnatin Ingila mai suna Samuel Pepys ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa ya sha ta a Landan, ya ambaci sunan gonar, ko da yake ya karya rubutun. A 1666 iyalin suka buɗe gidan cin abinci nasu a Landan don tallata ta. Suna linzami ne, in ji Hausawa. Su waɗannan sun mayar da shi jari.

Mun tsaya a ƙauyen Margaux. Ba a shiga gidan sai da alƙawari, don haka muka yi abin da kowa ke yi, muka tsaya a bakin ƙofar ƙarfe muka leƙa. Dogon titi ne da manyan itatuwa gefe da gefe, a ƙarshensa farin gini mai ginshiƙai huɗu da matakala. Maginin, Louis Combes, ya tsara shi a farkon ƙarni na 19, wajajen 1810. Babu tagar harbi, babu ramin tsaro. An gina shi ne don a kalle shi daga daidai inda muke tsaye, kuma hoton nan ne a jikin kowace kwalba ta gidan. Can kusa akwai Issan, wanda shi aƙalla yana da rami mai ruwa kewaye da shi.

Gaba, wajen Pauillac, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Bordo, abin ya ƙara armashi. Pichon Baron yana da zankaye masu tsini da tafki a gabansa, kai ka ce daga tatsuniya aka ciro shi, alhali a 1851 aka gina shi, zamanin da jirgin ƙasa ya riga ya fara yawo a Faransa. Latour, wato hasumiya, ya samu sunansa daga wata hasumiyar tsaro ta ƙarni na 14 da ke gadin kogi. Ta daɗe da rushewa. Wadda baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto da ita yanzu, mai zagaye da ƙubba, ɗakin tantabaru ne na ƙarni na 17.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Cos d'Estournel, a kan tudu, da an shiga ƙasar Saint-Estèphe. Kana shan kwana sai ka yi kiciɓis da gini mai hasumiyoyi irin na gidajen bautar Asiya, da gumakan giwaye, da wata ƙofar katako mai sassaƙa da ake cewa daga fadar sarkin Zanzibar aka kawo ta. Mai shi, Louis-Gaspard d'Estournel, yana sayar da giyarsa har Indiya, ƙasar ta shiga ransa, ana masa laƙabi da maharajan Saint-Estèphe. Wannan fada duka ba don ya kwana a ciki ya gina ta ba. Gangunan giya ya gina wa. Bashi ya ci ƙarfinsa ya sayar da gonar a 1852, ya rasu a 1853. Ban ga wani wuri da ya fi wannan nuna abin da shato ya zama a Bordo ba: haja ce ke zaune a fada.

Shekara biyu bayan rasuwarsa aka yi abin da har yau yankin ke rayuwa a inuwarsa. Sarki Napoleon na Uku ya shirya baje kolin duniya a Paris a 1855, aka nemi kowane yanki ya kawo abin da yake taƙama da shi. Majalisar 'yan kasuwa ta Bordo ta ce wa ƙungiyar dillalai su kawo jerin manyan gonaki bisa daraja. Dillalan ba su zauna ɗanɗano ba. Littattafan cinikinsu suka buɗe, suka duba wa ya saba sayarwa da tsada shekara da shekaru, cikin kimanin mako biyu suka miƙa takarda ranar 18 ga Afrilu. Aji biyar suka yi wa jar giya. A ajin farko gonaki huɗu ne: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Gonar marigayi d'Estournel ta samu aji na biyu. Takardar da aka rubuta don baje koli ɗaya ita ce ke aiki har yau, da gonakin jar giya 61 a ciki. Babban sauyin da aka taɓa yi mata shi ne na 1973, lokacin da Mouton Rothschild ya haye ajin farko bayan mai shi, Baron Philippe, ya shafe shekaru gommai yana kai gwauro yana kai mari.

Abin lura a takardar 1855 shi ne 'yan ƙalilan ne cikin gonakin aka rubuta musu Château. Sauran da sunansu kawai aka jera su, wasu da sunan mai gona. To amma da yake yawancin na sama-sama suna ɗauke da kalmar, sai ta zama rawani, kowa ya ce sai ya naɗa wa gonarsa. Mai kuɗi ya kira magini ya tayar da zankaye. Wanda ba shi da kuɗin gini ya kira mai fenti ya sauya allo. Littafin nan na Cocks da Féret da ke lissafa gonakin Bordo tun tsakiyar ƙarni na 19, duk bugun da ya fito sai shato sun ƙaru a cikinsa, daga 'yan gommai zuwa ɗaruruwa. Yau dubbai ne.

Sai dai a lokacin ma gona ba ta riƙe da hajarta har ƙarshe. Ana zuba giyar a gangar katako mai cin lita 225, wato kwalba 300, a kai wa attajiran unguwar Chartrons da ke bakin kogi a Bordo. Su ke ajiye ta, su zuba a kwalba, wani lokaci har su gauraya ta da wata. Baron Philippe ne ya karya wannan a 1924, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ce duk abin da Mouton ta noma a gidan za a ɗura shi. Daga nan rubutun mis en bouteille au château ya bazu, ma'ana an ɗura a gonar. Daga 1945 kuma ya riƙa ba manyan masu zane aikin takardar kwalbar kowace shekara, har da su Dalí da Chagall da Picasso.

Hukuma ta shigo ta yi wa kalmar iyaka. Dokar da ke aiki yanzu, ta 4 ga Mayu 2012, ta ce ba a rubuta château a kwalba sai giyar tana cikin masu kariyar sunan asali, an tsinki inabin a filayen wannan gandu, an kuma sarrafa shi a nan. Babu inda ta ce sai da hasumiya, ko bene, ko tsohon gini. Ba ta kuma yi alƙawarin kyau ko daɗi ba. Wuri kawai take shaida. Ni a ganina wannan ya fi zankayen gaskiya, domin zanko kowa na iya ginawa, amma wanda ya sayo inabin wani gari ya kira shi na gonarsa kotu zai je. Masu tsananin suna ma ba su damu da kalmar ba. Petrus, ta yankin Pomerol, tana cikin mafi tsada a duniya, ba ta cikin jerin 1855, kuma ba ta sa Château a gaban sunanta.

Washegarin ganin manya muka tsallaka kogin Garonne zuwa yankin da ake kira Entre-deux-Mers, tsakanin Garonne da Dordogne, inda ƙananan manoma suka fi yawa. Muka shiga wani shato da allonsa ya fara tsatsa. Kare ne ya fara tarbar mu, sannan mai gidan ya fito da takalmin roba, hannunsa baƙi ƙirin da ruwan inabi. Gidansa bene ɗaya ne na talakan ƙauye. Ya kai mu chai, wato ɗakin da ake ajiye giya, wuri mai sanyi da manyan tankunan ƙarfe, warin tsami na dukan hanci. Da abokina ya ce masa ba ma sha, bai nuna komai ba, ya ciro mana nonon inabi daga kwando. Ƙananan 'ya'ya ne masu kaurin fata da yawan ƙwallo, zaƙinsu kamar zuma, ba irin na kasuwa da aka saba ci ba. Ya ce kakansa ne ya sa wa gonar Château saboda maƙwabta duk sun sa. Yawancin abin da yake nomawa ma a tanki yake sayar wa attajirai, a farashin da sau da yawa ba ya mayar da kuɗin aiki. A doka shi da Margaux sunansu ɗaya. A kasuwar fili kuwa, hekta ɗaya a Pauillac ta haura yuro miliyan 2, irin tasa ba ta kai yuro 15,000 ba.

Sai da na bi ta Bourgogne daga baya, can gabashin ƙasar, na ƙara fahimtar Bordo. A can ba a cika cewa shato ba. Domaine suke cewa, daga kalmar Latinanci da ke nufin mallakar ubangida, ko kuma clos, wato fili da aka kewaye da katanga. Sufayen Kirista na Cîteaux ne suka fara haɗa Clos de Vougeot a ƙarni na 12, suka gama kewaye ta a ƙarni na 14. Juyin juya halin 1789 ya ƙwace ta daga hannun coci, daga baya saye da sayarwa da rabon gado suka yanka ta gunduwa-gunduwa. Katangar na nan, hekta 50 ne a ciki, amma masu su sun kai kimanin 80, wani layuka kaɗan kawai yake da su. A Bourgogne daraja a jikin ƙasa take. An auna kowane fegi an sa masa suna, akwai irinsu 1,247 da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2015, kuma ko wa ya saya, darajar fegin ba ta motsi. A jerin 1855 na Bordo kuwa gidan aka ba daraja. In babban shato ya sayi gonar maƙwabcinsa a ƙasar gari ɗaya, inabin da jiya ba shi da aji yau ya shiga ajin mai saye. Tsarin Bourgogne na manomi ne, na Bordo na ɗan kasuwa, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda Bordo tashar jiragen ruwa ce tun fil azal.

Tashar nan tana da labarin da ba a bugawa a jikin kwalba. Da yamma na yi tafiya a bakin kogi a cikin birnin, inda dogayen gine-ginen ƙarni na 18 suka jeru, kyan da ya sa UNESCO ta karrama birnin a 2007. In ka ɗaga kai a dandalin Bourse za ka ga fuskoki da aka sassaƙa a saman tagogi, wasunsu na baƙar fata ne. Tsakanin 1672 da 1837 jirage kimanin 500 suka tashi daga Bordo zuwa cinikin bayi, suka kwashi 'yan Afirka wajen 150,000. A Faransa Nantes ce kaɗai ta fi ta. Abin da ya fi wannan kawo kuɗi ma shi ne ciniki kai tsaye da tsibiran Karibiyan, musamman Saint-Domingue, Haiti ta yau: a kai gari da giya, a dawo da sukari da kofi da baba, duka gumin bayi. Ba kowane shato ne aka gina da wannan kuɗi ba, kuma bai kamata a yi kuɗin goro ba. Amma akwai waɗanda ba sa ɓoyuwa. Château Nairac, a Barsac, sunan iyalin da ke cikin manyan masu tura jiragen bayi na birnin yake ɗauke da shi. Birnin ya daɗe yana kawar da kai. Sai a 2009 gidan tarihi na Aquitaine ya buɗe ɗakuna na dindindin a kan wannan zamani, a 2019 kuma aka kafa mutum-mutumin Modeste Testas a bakin kogi, wata baiwa 'yar gabashin Afirka da wasu 'yan kasuwar Bordo suka saya suka kai Saint-Domingue. Wani ɗan asalin Senegal, Karfa Diallo, ya shafe shekaru yana zagayawa da mutane titunan da ke ɗauke da sunayen masu wannan ciniki. Na ga masu yawon buɗe ido da yawa a gidan baje tarihin giya na Cité du Vin da aka buɗe a 2016. A gaban mutum-mutumin kuwa mutane wucewa kawai suke yi.

Masu aikin gonakin na yau ma sunansu ba ya kai wa allo. A manyan gidaje da hannu ake tsinka, da ɗan almakashi, a durƙushe tun safe, wasu na ɗauke da kwando a baya suna kai wa tarakta. Da muka tsaya kusa da wani ayari mun ji Larabcin Maroko, mun ji harsunan gabashin Turai. Yawancinsu ba gidan ne ya ɗauke su ba, 'yan kwangila ne suka kawo su, kuma kotunan yankin sun sha ɗaure 'yan kwangilar da suka karɓi kuɗin mutane suka cusa su a ɗakunan da ba su dace da ɗan'adam ba. Garin Pauillac kansa, mai gonaki uku cikin biyar na ajin farko, in ka bar bakin kogi ka shiga lungu za ka ga shaguna a rufe da gidajen da fentinsu ya ɓare. 'Yar jarida Ixchel Delaporte ta rubuta littafi guda a 2018 a kan talaucin da ke kwance a gindin waɗannan gonaki.

Duk da haka kalmar na da masu sonta a nesa. Gonaki a Amurka sun ara, kuma da aka yi maganar barin su shigo da ita kasuwar Turai a 2012, manoman Bordo suka tayar da jijiyar wuya. Attajiran Sin kuwa gonakin suka riƙa saye ɗungurungum, sama da 100, ciki har da Jack Ma, wanda ya kafa kamfanin Alibaba, da ya sayi Château de Sours a 2016. Wani mai saye ya sauya wa nasa sunaye don su yi daɗi a kunnen mutanen ƙasarsa, aka wayi gari da Château Lapin Impérial, wato shaton zomon sarki, da wani na barewar Tibet. Mutanen Bordo suka yi ta gunaguni cewa an ci mutuncin tarihi. Ni ban ga bambancin wannan da abin da kakanninsu suka yi a ƙarni na 19 ba, sa'ad da suka ɗauki sunan gidan yaƙi suka liƙa wa rumfar ganguna don ciniki ya tafi.

Yanzu cinikin ne ya ja baya. Bafaranshe da ke shan sama da lita 100 a shekara wajajen 1960, yau kimanin 40 yake sha, kasuwar Sin ta yi sanyi, da yawa cikin waɗanda suka sayi gonaki suna neman mai saye. A ƙarshen 2022 ƙananan manoma suka yi zanga-zanga a Bordo suna neman a biya su su tumɓuke kuringar, a 2023 kuma aka amince da shirin cire kimanin hekta 9,500, a kan yuro 6,000 kowace hekta. A hanyarmu ta dawowa daga Entre-deux-Mers mun wuce filaye da aka riga aka tumɓuke, kututturan a tare gefe guda ana jiran sa musu wuta, allon shato na tsaye a bakin hanya.

Mai zuwa Faransa da ke son ganin shato na sarauta, ya nufi kwarin Loire ya ga Chambord, mai son na yaƙi ya je Carcassonne. Wanda kuwa harkar noma da kasuwa ta dame shi, Bordo awa biyu ce da 'yan mintoci daga Paris a jirgin ƙasa mai sauri, kuma daga tashar Saint-Jean akwai ƙaramin jirgi da ke tsayawa a Margaux da Pauillac. Ya zo a Satumba, ya nemi izinin shiga manyan gidajen tun da wuri, kada kuma ya koma bai leƙa ƙaramin shato ko ɗaya ba. In an miƙo maka kofi ka ce ba ka sha, babu mai tsare ka da tambaya.